Yadda Nomau Ya Ɓata Mini Gwajin Kuɓewa

A garinmu, Tudun Kanya, gidan da ke jingine da nawa ta gabas gidan Inna Kande ne. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma tasu ce, ba tawa ba. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. A gidan akwai ita Inna Kande, da babban ɗanta Sallau mai walda, da ƙanensa Nomau, da matar Nomau, Ladingo, wadda ban taɓa ganin ta yi mamakin komai ba. Sai akuya guda marar kunya da agwagi. Nomau ya haura arba'in. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa. Aibinsa ɗaya: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Na san shi tun yana aji uku, ni na koyar da shi, kuma ya daɗe a ajin har muka saba.

Ni ce Malama Hurera, na yi ritaya ina shugabar makarantar firamare. Na rubuta wannan ne don na kai ƙara gaban mai unguwa, an yi dariya an watse, ba a ba ni haƙƙina ba. Sai mai karatu ya duba da kansa.

Mahaifiyata Gwamma, Allah ya jiƙanta, ta bar mini irin kuɓewa, gajeruwa, marar ƙaiƙayi, mai yauƙin da babu irinsa a kasuwa. 'Yar Gwamma muke kiranta a dangi. Bara ciwon gwiwa ya hana ni sunkuyawa, ban shuka ba. Da na buɗe gwangwanin irin bana, sai na tarar ƙwaro ya cinye yawancinsa, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. In daminar nan ta wuce ban shuka ba, ko na shuka ya lalace, irin ya ƙare ke nan har abada.

Ni ba na aiki da ka. Na ce kafin in saki ko ƙwaya ɗaya, sai na gwada da kuɓewar kasuwa a wuri huɗu a tsakar gidana: kunya a ƙasa, buhunan taki cike da ƙasa, tsofaffin tayoyi, da akwatin ƙarfe marar murfi wanda Sallau ya ƙera mini da kwanon rufi, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwa. Wanda ya ci jarrabawa, shi za a ba 'yar Gwamma.

"Malama, ƙarfe ba gara, ba ruɓa," in ji Sallau. "Buhu rana za ta cinye shi, taya sai kin durƙusa, ƙasa kuwa ta kaji ce. Ga Nomau nan, kyauta na ba ki shi, ya taya ki."

Na yi godiya. Wannan godiyar ma ina so a dawo mini da ita.

Wata rana na sa Nomau ya cika akwatin da ƙasa da taki. Ni kuwa ba na son ƙazanta a tsakar gida, sai na ce, "Nomau, ba na son in ga komai yana zuba daga akwatin nan." Ya ce, "To, Malama." Ashe Sallau ya huda ƙasan akwatin don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Nomau ya leƙa ya ga hudojin, ya je ya samo kwalta, ya narka, ya liƙe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya cika. Muka shuka. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, na fito da safe na tarar da tafki a tsakar gidana, agwagin Inna Kande suna iyo a ciki, sun kwashe irin tas.

"Nomau, mene ne wannan?"

"Ko ɗigo bai zuba ba, Malama. Na zagaya na duba."

Na leƙa ta katanga na ce, "Uwar Sallau, zo ki kwashe agwaginki daga gonata." Ta ce, "Gona? Ni rafi na hango." Sallau ya zo ya sake hudawa yana ta ƙunshe dariya, muka sake shuka daga farko.

Wata rana, bayan tsiro ya fito ko'ina, na lura Nomau ya fi ba akwatin ruwa saboda aikin yayansa ne. Na zaunar da shi na yi masa bayani, yadda nake yi wa malaman da ke sa ido a jarrabawa. Na ce, "Gwaji ba ya yiwuwa sai da adalci. Duk abin da ya sami ɗaya, dole ya sami sauran." Ya maimaita har ya haddace. Da la'asar na shiga salla, akuyarsu ta haura ta inda katangar ta zaizaye, ta kwashe tsiron buhu ɗaya. Ina sallamewa na ji Nomau yana cewa, "Saura nan. Yi haƙuri, saura nan." Na fito na gan shi riƙe da akuya a wuya. Ya kai ta kunya ta ci, ya kai ta taya ta ci, ga shi ya ɗora ƙafafunta na gaba a bakin akwatin ƙarfe tana ci.

"Innalillahi! Nomau, ka haukace?"

"Ta sami buhu, Malama. Dole ta sami sauran."

"Ai korar ta za ka yi!"

"Na kore ta daga buhu. Yanzu zan kore ta daga sauran, amma sai ta gama, don a buhu ta gama kafin in kore ta."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina ta juya maganar, domin wallahi na kasa gano daidai wurin da ya kauce.

Wata rana na ce masa tayoyi suna tara sauro, saboda haka duk tayar da ya ga ruwa ya kwanta a cikinta ya kifar da ita. Washegari ya ba taya ruwa kamar yadda na ce, ya ga ruwan ya kwanta, ya kifar da ita da shukar da komai kamar yadda na ce. Ya mayar da ƙasar, ya dasa, ya sake ba ta ruwa. Da na fito yana zagaye na nawa ban sani ba, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya ce, "Malama, aikin taya ya fi na sauran wahala. A rubuta mata wannan."

Wata rana ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Na taɓa jikin akwatin da tsakar rana, saura kaɗan ya toya mini hannu, ganyen da ke gefe duk ya yi laushi. Wannan aibin ƙarfe ne da Sallau bai faɗa mini ba. Zan fita gaisuwar rashin lafiya, sai na ce, "Nomau, ka rufe jikin ƙarfen nan da duk abin da ka samu." Ina nufin tsohuwar tabarma, ko kara, ko ciyawa. Abin da ya samu shi ne shanyata. Na dawo na tarar da akwati ya sha atamfata sabuwa da na ɗinka don sunan jikan da nake jiran haihuwarsa, an naɗa masa mayafina, an ɗaure da ɗankwali a kusurwa. Buhuna kuwa kowanne da zanensa, tayoyi sun sha rigunan barci, kunya an lulluɓe ta da zanen gado, saboda adalci. Ladingo ta leƙo ta katanga, ta dubi akwatin sama da ƙasa, ta ce, "Malama, atamfar ta karɓe shi." Tsatsa da kwalta ba su fita daga atamfar nan ba har yau.

Duk da wannan ɓarna, na yi wa kowane wuri hukunci. Kunya tana riƙe danshi amma gwiwata ba ta kai ta. Buhu yana saurin bushewa. Taya ba a ba ta damar nuna halinta ba. Akwatin ƙarfe, in aka kare shi daga rana, shi ya fi tsari, kuma shi zuciyata ta kwanta da shi. Na sa ranar shuka 'yar Gwamma.

Wata rana, ita ce ranar shukar, aka yi mini waya cewa 'yata ta haihu a birni, kuma ta sha wuya. Mota na jira a ƙofar gida, direba yana ta danna oda. Damina ta yi nisa, in na jira dawowata lokaci ya wuce. Na miƙa wa Nomau gwangwanin. Na ce, "Wannan shi ne abin da uwata ta bar mini. Ka shuka shi a inda ba sai na sunkuya ba, inda akuya ba ta kai, inda ruwa ba ya kwanciya. Ka gane?" Ya ce, "Na gane, Malama." Ban ce akwatin ƙarfe ba, gaskiya ne. To amma wane mai hankali ne zai ji wannan siffar ya buƙaci a faɗa masa suna?

Ina birni aka yi ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da na dawo na shiga gida, ga abin da na tarar. Katangar su Inna Kande ta faɗo a kan akwatin ƙarfe, ta maƙe shi kamar faranti. Kunya ta zama kududdufi. Buhuna da tayoyi akuya ta shigo ta gurbin katangar ta share su ƙarƙaf, wannan karon ba mai yi mata jagora. Na zauna a kan turmi, na ce, "Shi ke nan, Gwamma, na zubar miki da iri."

Sai ga Nomau ya tsallako ta kan ɓaraguzan katanga.

"Sannu da zuwa, Malama. Ya mai jego? Ta fara fure."

"Wa ta fara fure?"

"Kuɓewar."

"Nomau, ga akwatin nan a ƙarƙashin katangarku."

"Ai ban sa a akwati ba. Na ga kina ɗan sunkuyawa in za ki taɓa shi. Akuya kuma ta kai shi, ni na ɗora ta. Ruwa ma ya kwanta a ciki, har da agwagi. Duk huɗun sun faɗi jarrabawa." Ya nuna sama da yatsa.

Na ɗaga kai. A kan soron ɗakina, buhuna ne jere, kuɓewa kore shar tana kaɗawa, da fure ruwan ɗorawa. Ya hau da ƙasa da taki ta tsani, buhu bayan buhu.

"To ni yaya zan yi in tsinka?"

"Ba ki ce inda za ki tsinka ba, Malama. Kin ce inda ba sai kin sunkuya ba."

Na shiga ɗaki don kada ya ga fuskata, sai na tarar buhu ɗaya ya toshe indararo, rufin ya yi yoyo daidai kan katifata.

Shi ya sa na kai ƙara. Mai unguwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malama, irin ya tsira?"

"Ya tsira, ranka ya daɗe."

"Da ya sa a inda kike so fa?"

"Da yana ƙarƙashin katanga. Amma wannan laifin katanga ne, ba na ƙarfe ba. Katangar kuwa tasu ce."

"To katangar kike ƙara, ko shi?"

"Shi. Ya saɓa umarnina."

"Wanne daga ciki?"

Na fara lissafa umarnin da yatsu. Inna Kande ta ce, "Allah ya taimake ka, ita fa ta koyar da shi. Ni haihuwarsa kawai na yi." Sallau ya ce shi a biya shi sunan sana'arsa, don yanzu ana cewa ƙarfensa bai kai buhu ba. Mai unguwa ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi bai gane wa ke bin wa ba, a je a yi haƙuri. Aka watse. Washegari na ga shi ma mai unguwa ya jera buhuna a kan soronsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da kuɓewar ta nuna, mata suka fara aiko yara neman iri, wai a sam musu "kuɓewar Nomau". Na kira shi na ce, "Duk wanda ka ji ya ce kuɓewar Nomau, ka ce masa 'yar Gwamma ce." Matan gari suka gano. A bakin rijiya, a wurin niƙa, a kasuwa, da sun hango shi sai su ce, "Kuɓewar Nomau!" don kawai su ji ya tsaya cak ya amsa da ƙarfi, "'Yar Gwamma ce!" Yanzu yara waƙa suke yi da shi. Mutanen da ba su taɓa ganin uwata ba, sunanta yana bakinsu tun daga safe.

Wannan bai wanke shi ba. Ina neman a tayar da katanga, a gyara mini rufi, a sake mini atamfa, kuma a faɗa a bainar jama'a cewa gwajina ba a kammala shi ba, ɓata shi aka yi. Har yau in aka tambaye ni wanne ya fi, ƙarfe ko buhu ko taya ko ƙasa, ba ni da amsa, ni da na yi rayuwata ina ba da amsa.

Jiya Nomau ya sauko da busassun kuɓewar da muka bari don iri. Na zauna na ɓare su da hannuna, na zuba a gwangwanin Gwamma har murfin ya ƙi rufuwa. Ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Malama, ya cika. Me zan yi da sauran?"

Na buɗe baki, sai na tuna da wa nake magana. Na ce, "Tsaya nan, kada ka yi komai, sai na yi tunani."

Da na fito sallar magariba yana nan tsaye.