Dambun da Na Yi da Tsakin Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da dambun da na turara a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira ba. Ko na so in manta ma, Rukayya ba za ta bari ba.

Rukayya 'yata ce, tana karatun kiwon dabbobi a Alƙahira, ni kuma na je mata ziyarar wata biyu. Wata Alhamis ta shigo da ƙananan buhuna biyu ta ajiye bayan ƙofa. "Umma, na makaranta ne," ta ce, ta fice. Akwai rubutu a jiki, amma na Turanci (mu a ajin yaƙi da jahilci iyakarmu Hausa).

Na leƙa. Ɗaya garin masara ne mai laushi, ɗayan kuwa ɓarzajje. Na ce oh ni, mai injin nan ya cuci yarinya! Na ɗauko rariya na tankaɗe shi tas. Garin na juye a ɗaya buhun. Tsakin kuma, tunda ba a wulaƙanta abinci, na yi dambu da shi washegari, har da zogalen da na taho da shi daga gida.

Bayan sallar Juma'a ɗalibai uku 'yan garinmu suka zo gaishe ni. Suna ci suna santi. Babbansu, Mu'azzam, har da cewa, "Tamam, Umma! Rabona da irin wannan tun Kano."

Sai ga Rukayya. Ta dubi buhu, ta dubi kwano.

"Umma, ina ɓarzajjen?"

"Na gyara miki shi, 'yar nan. Ga shi ma ana ci."

Ta zauna dirshan. "Abincin gwaji ne fa, na aladu!"

Ashe da gangan aka ɓarza shi. A wata gona ake gwajin, ita nata auna abincin kawai. Wai mai laushi yakan sa alade saurin girma, amma yana jawo masa gyambon ciki, ɓarzajje kuwa ya fi wa hanjinsa lafiya. Har wani sinadarin narkar da abinci aka barbaɗa a ciki. Kuma ran Lahadi malaminta ke jiran sakamako.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mu'azzam ya yi gyaran murya. "To, a shari'ance dai, abincin alade ba alade ba ne. Masara halal ce."

"To ci gaba da cin dambun mana, Shehi," in ji na kusa da shi.

Bai ci gaba ba.

Ran Lahadi na yafa mayafina na bi ta, don laifin nawa ne. Ina ba da haƙuri tana fassarawa. Malamin ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ma'alish, Hajja," ya ce, wato ba komai, ya ƙara mata mako guda. Muna bakin ƙofa ya kira ta, wai ta tambaye ni ko waɗanda suka ci sun ƙara ƙiba.

Tun daga ranar, kafin in ɗauki rariya sai na tambayi mai ci yadda yake son abinsa, ko da ƙafa huɗu gare shi.