Turawa Sun Yi wa Mijin Kinuko Gemu

"Sannu da hutawa, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ashe har yanzu kina nan?"

"Ina nan daram, sai na ga furfurarka. Cire takalman nan, kada ka kwaso min dattin birnin Osaka kan tabarma."

Ni ina gefe da kofin shayina. Kinuko maƙwabciyata ce, kuma ita ta zana wani wasan kwamfuta da yaran ƙasar nan suka yi ta hauka a kansa shekaru talatin baya. Yanzu jikanta Naoto da abokansa biyu sun sabunta wasan, wani kamfanin Turawa ya ce zai sayar musu da shi a can. Sai dai zanen nata ne, ba a taɓa shi sai da yardarta. Yardar ya zo nema, yana ta washe baki kamar gonar auduga.

Ya ajiye mata hoton sabon bangon wasan. Na leƙa, saura kaɗan in ƙware. Wani ƙato ne jibgege, gemu buzu-buzu, ya haɗe girar sama da ta ƙasa.

"Wannan wane mahauci ne?" in ji Kinuko.

"Jaruminki ne. Turawa sun ɗan gyara shi."

"Sun ɗan gyara shi? Yo ai wannan haɗiye shi ya yi!"

Raina ni ma ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Duk unguwar nan an san fuskar jarumin ta marigayi Mitsugu ce, mijin Kinuko, lokacin yana saurayi: siriri, kullum cikin murmushi.

"Sun ce naki ya yi kama da mace, Kaka. Wai a can in namiji bai murtuke ba, ba mai sayensa."

"Mace? Mutumin da ya haifi uwarka?"

"Ni ɗan aike ne. Kuma tsakani da gaskiya, buhun shinkafa ma ke kike ɗauko masa."

"Kai da ka gado shi fa? Murfin kwalba sai ka kira ni. Wannan rubutun na ƙasa kuma me ya ce?"

"Sunan da suke kiran wasanninmu ne. Wai irin na Japanawa."

"Nasu fa, me suke ce masa?"

"Wasa kawai."

"Ka ji fa! Nasu wasa, namu sai an liƙa masa takarda a goshi. An ware mana kwano ke nan. To mene ne irin na Japanawan?"

Ja'irin ya gyara zama, ya fara lissafi da yatsu yana kallon rufi. "Yara masu gashi tsaye kamar bushiya. Takobi ya fi mai shi tsawo. Ana faɗa kowa yana jiran layinsa, sai ka ce asibiti. A ƙarshe a taru a kashe dodo da ƙarfin abota."

"Su da suke afka wa juna ba kai ba gindi, shi ne wayewa? Jiran layi ai tarbiyya ce. Kuma wanda ba shi da aboki dole abota ta ba shi dariya."

"Haba tsohuwa, zamani ya canza. Yanzu so suke yi, sunan ya zama yabo."

"An dai canza wa tuwo suna. Kana cikin zanen goyo wasunsu suka zo wurin aikinmu da abin ɗaukar hoto. Suna nuna zanena suna ƙyalƙyala dariya, mu kuma muna ta sunkuya musu muna godiya, don ba ma jin yarensu. Sai daga baya aka fassara mana. Wannan sunan suka yi ta maimaitawa."

Nan Naoto ya daina washe baki. Ya ce, "Kaka, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In kin ƙi, sun fasa. Mu uku ne, ba mu da wani aikin sai wannan."

Tausayinsa ya kama ni. Ita ma na ga ya kama ta, amma Kinuko ba ta iya nuna tausayi sai da zagi.

"Dube shi, kamar kazar da ruwa ya doka. To taya, in ji."

"A bar gemun."

"Ko gashi ɗaya."

"Ƙirjin fa?"

"A mayar wa mai shi, yana can yana cigiya."

"To ko ɗan ɗaure fuska, Kaka. Shi kaɗai. In je musu da wani abu a hannu."

Ta juya kofinta. "Kakanka ya taɓa ɗaure fuska sau ɗaya. Ranar da aka miƙo masa kai a asibiti."

"Ƙarya! Mama ta ce kukan murna ya yi."

"Kukan asara dai. Miƙo min fensir. In za a ɓata masa rai, ni zan ɓata masa. Aikina ne shekara arba'in, ba sai Bature ya taya ni ba."

Ta ja farar takarda. Nan da nan sai ga goshin Mitsugu, ga hancinsa. Ta matse girar, ta sauko kan baki, sai ga gefen leɓe ya ɗaga sama. Ta goge, ta sake. Ya sake ɗagawa. Ta yi tsaki, ta danna fensirin har takardar ta kusa hujewa, ta ja layin ƙasa da ƙarfin tsiya. Muka leƙa mu duka. Murmushi yake yi, wannan karon har da ɗan iskanci.

"Ka gani ko? Yana raye bai ji maganata ba, ya mutu ma bai fasa ba." Ta hau goge tabarau da gefen riga.

Naoto ya daɗe yana kallon takardar. Can sai ya tuntsire da dariya, ido jawur, ya ɗauke ta da hannu biyu.

"Kin ci, tsohuwa. In za su fasa su fasa. Zan gaya musu mun tambayi mai fuskar, ya ce bai yarda ba."