Rasuwar Koriya a Hannun Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Tela na bakin kasuwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Koriya, wadda ya gada daga mahaifinsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara hamsin da ɗaya, bayan gajeriyar jinya a hannun mijin ƙanwarsa, mai walda.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Da safe takan yi tari sau biyu, "uhu, uhu," sannan ta kama gurnani mai daɗi. Ita ta ɗauko keken ɗinkin Tela na farko, kuma har ranar da ta bar duniya, in an buɗe ƙofarta ƙamshin turaren mahaifinsa ke fara tarbar mutum.

Tela bai ɓoye nasa laifin ba, ko da yake ƙarami ne. Shi da kansa ne ya sa aka rage mata tsayi, aka sa mata faffaɗan tayoyi a baya don ta yi kyan gani. Tun daga nan, duk ramin da ta faɗa sai ta ce "ƙiii," taya na gugar madigadi. Maganin bai wuce a lanƙwasa leɓen ƙarfen a hankali, a ɗan buɗa wa taya wuri ba. Sai ƙanwarsa ta ce, "Haba Yaya, ga gwani a gida, za ka kai wa bare?" Mai walda kuwa ya bugi ƙirji: "Yaya, aikin awa guda ne, je ka ka dawo."

Gwanin ya ɗaga ta a kan jak, tayoyi suna reto, ya auna da tafin hannu, ya ce in an ɗan datse ƙarfen, wuri ya isa har ya yi yawa. Wato ya yanka wa mutum wando a tsaye, ya manta zai zauna. Ya datse ƙarfen, ya bar bakinsa kamar wuƙa, ya shafe da baƙin fenti don kada a gani. Tela, wanda shekara talatin bai taɓa sa almakashi a yadin wani ba sai ya auna sau biyu, wannan awon ne ya tsaya masa a rai.

Ranar Talata aka loda mata yadi, bayanta ya zauna. A gangaren gada ƙarfen ya tsarga tayar hagu, ta ce "fau!" ta yi kan kwalbati. Tela ya fito da ƙafarsa. Ita kuwa gadon bayanta ya karye.

Ta bar safaya guda, da makulli biyu, da rediyon da har yanzu ke surutu shi kaɗai, da maigidanta wanda bai yafe ba. Mai walda ya zo gaisuwa, ya buɗi baki ya ce kwananta ne ya ƙare.

Gobe da safe janwe, mai jan matattun motoci, zai ɗauki gawar, ya sauke ta a ƙofar shagon mai walda, ɓangaren raunin yana kallon titi. Tela zai rufe shagonsa, ya kafa benci a gefenta yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya kawo mota gyara, za a fara nuna masa marigayiya, a gaya masa hannun da ya yi aikin.

Ƙanwarsa ta zo da kuka tana roƙon a rufa wa mijinta asiri. Tela ya dubi zumunci, ya rage zaman makokin daga kwana arba'in zuwa talatin da tara.