Ranar da Na Dawo wa Mama Ladi da Mijinta

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kontagora ba za su bari ba. Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, an idar da sallar la'asar. Wurin kuwa harabar wani tsohon sito ce, a bayan filin da ake bikin nuna fasaha da al'adu. Waɗanda suka halarta: jama'a cike da kujerun roba, mawaƙa shida da makaɗansu, Malam Isiyaku shugaban sashen shirye-shirye na gidan rediyon da nake koyon aiki, sai ni, cikin farar shadda mai guga, riƙe da makirufo.

Bari in yi bayanin wurin. A babban fili ake yin wasannin da ke cikin tsarin biki, da jawabai, da manyan baƙi. Waɗanda ba su sami shiga tsarin ba su ne suka kafa tasu rumfar a bayan fili, mutane suna ce musu 'yan gefe. A can babu jawabi. Tebura ne, da zoɓo da kunun aya, mawaƙi yana zagayawa tsakanin mutane, ya rera baiti biyu, ya tsaya ya tsokani wani, ya ci gaba. Rabin abin waƙa ne, rabi barkwanci. Duk wanda ya zauna a gaba ya san ya sayar da mutuncinsa na wannan yammacin.

Ni ba ɗan garin ba ne. Wata takwas ke nan da zuwana daga Zariya, ina aikin sa-kai a tashar, kuma gurbi ya samu na mai karanta labaran ƙarfe bakwai na safe. Mu biyu muke nema. Malam Isiyaku ya kira ni ya ce, "Karatu a cikin ɗaki kowa ya iya. Je ka gabatar da 'yan gefe ranar Asabar, in ga yadda kake a gaban mutane. Zan zo da rakoda."

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake a lokacin. Ni ne wanda zai tsaya gaban allon mai shago ya nuna masa inda ya bar lanƙwasar ƙ. Na taɓa gyara wa liman rubutun sanarwar ɗaurin aure. (Ƙanwata ta daina turo mini saƙon rubutu, sai na murya, wai ta gaji da a mayar mata da gaisuwarta da alamun gyara.) A Kontagora kuwa na sami abin yi, domin mutane da yawa sun tashi ne da Kambarci ko Dukanci ko Fulatanci ko Nufanci, Hausa ta zo daga baya, kuma wani lokaci "ya" da "ta" sukan yi musayar wuri a bakin wasu. Ni kuma na ɗauki kaina ɗan sandan da aka turo ya raba su.

Bitrus, malamin firamare da ya shirya taron, ya miƙo mini jerin sunaye a takardar da ya yago daga littafin rubutu. Na zaro jan biro. A lamba ta huɗu na ga an rubuta: Mama Ladi daga Sahon Rami, waƙarta "Mijina Ta Dawo". Na yi murmushin tausayi, na soke t, na ɗora y.

Bitrus ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Malam, wannan ɗin kada ka taɓa, ai..."

Na ce, "Bitrus, kai ka ji da janareta. Wannan fannina ne."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To," ya tafi. Daga baya na gane irin "to" ɗin da ya yi.

Ukun farko sun tafi lafiya. Wasu samari biyu masu jita sun yi waƙar soyayya, wani ya kwaikwayi yadda 'yan kamasho ke rantsuwa cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, wata baiwar Allah daga Bobi ta rera waƙar Fulatanci da ta sa wurin ya yi tsit. Ni kuma muryata tana fita sumul. Na saci kallon Malam Isiyaku, na ga yana gyaɗa kai. A nan ne kaina ya kumbura, na ga cewa karanta abin da ke takarda kawai bai isa ya nuna gwanintata ba. Sai na ƙara gishiri.

Na ce, "Jama'a masu sauraro, yanzu kuma ga Mama Ladi daga Sahon Rami, da waƙarta mai suna 'Mijina Ya Dawo'. A madadin wannan taro, muna taya ta murnar dawowar maigidanta lafiya. Allah ya ƙara danƙon zumunci."

Wurin ya yi shiru na kamar daƙiƙa uku. (A rediyo daƙiƙa uku shekara ce.) Sai wata mata ta rangaɗa guɗa. Wata kuma a tebur na biyu ta miƙe tsaye, zoɓonta ya kife, ta ce, "Yaya Yohanna ya dawo? Ya dawo ba wanda ya gaya mana?" Ta fice waje tana danna waya. Wani dattijo daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ya kawo tayar babur ɗin?" Aka fashe da dariya.

Abin da kowa a wurin ya sani, ban da ni, shi ne: shekara goma sha ɗaya ke nan da mijin Mama Ladi ya ce zai je Ibadan ya sayo tayar babur. Yana nan da ransa, direbobi suna ganinsa, har an ce ya yi tumbi. Tayar ce dai ba a samu ba har yanzu. Matar da ta fita da waya kuwa ƙanwarsa ce.

Sai ga Mama Ladi ta fito daga bayan labule. 'Yar gajeruwa ce, ta kai shekara hamsin, da wani abu naɗe cikin zane a bisa kanta. Ba ta yi sauri ba. Ta karɓi ɗaya makirufon, ta leƙa ƙarƙashin tebur na farko, ta leƙa na biyu, ta ɗaga hular wani mutum ta duba fuskarsa ta mayar. Sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Ɗana, ina ka ajiye shi? Fito mini da shi, ina da magana da shi."

A nan mai hankali zai ce a yi haƙuri, ya koma gefe. Ni sai na gyara tsayuwa, na yi muryar labarai, na ce, "Mama, gyara kawai na yi. A ƙa'idar Hausa miji namiji ne, saboda haka 'ya dawo' ake cewa, ba 'ta dawo' ba."

Ta ce, "Allah sarki. Karatu ya yi rana. Ku tafa wa malam."

Aka tafa. Ni kuma (Allah ya yafe mini) har na ɗan rusuna.

Ta sauke kayan kanta, ta warware zanen a hankali. Tanda ce, ta toya masa, baƙa ƙirin, mai ramuka goma sha biyu. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani, ta ce, "Ga mijina. Malam, tunda kai ne mai ƙa'ida, tanda ya ne ko ta ce?"

Na ce, "Ta ce."

"Na baya ba su ji ba."

"Ta ce!"

"Madalla. Ɗana, Hausa ba nonon uwata ba ce, a kasuwa na tsince ta, amma na san ya, na san ta. Wanda yake ya, ya gudu. Wadda take ta, ita ta zauna. Ita ta ciyar da yara huɗu, ta kai biyu sakandare, ba ta taɓa ce mini za ta Ibadan ba. Sau ɗaya ta kwana a waje, da maƙwabciya ta are ta don biki ta riƙe mako biyu. Ranar da ta dawo na yi mata waƙa. Yanzu kai da biro ɗaya ka sake ta, ka mayar da ni gidan mai taya."

Wani ya faɗo daga kujera don dariya. Na ji ƙarar kujerar, ban juya ba.

Ta ce, "Riƙe mini shi. A'a, riƙe mini ita, kada ka ce na yi kuskure." Ta danƙa mini tandar a ƙirji, mai kalangu ya saki kiɗa, ta fara:

"Mijina ta dawo, baƙa mai haƙuri,
Ba ta minshari, ba ta neman shayi,
In na ba ta wuta, ta ba ni abinci,
Wane namiji ne zai jure haka?"

Amshin kalma biyu ne, "Ta dawo", kuma ta yanke hukuncin cewa ni kaɗai zan yi na farko. Ta kawo makirufo bakina. Ban taɓa sanin muryar da ke karanta labarai za ta iya fita kamar ta ɗan akuya ba sai ranar. Ta sa na maimaita sau uku, wai "ta" ɗina ba ta nuna ba. Daga nan ta riƙa zagaya teburan, ni ina biye da ita da tanda a hannu kamar mai rakiyar amarya, tana tsayawa gaban kowane magidanci ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa sayen taya. Da ta dawo tsakiya sai ta ƙaro baitin da ba ya cikin waƙar, nan take ta ƙirƙire shi:

"Ga malamin ya da ta, mai farar riga,
Ya gyara mini Hausa, ya ɓata mini aure."

Wannan ɗin jama'a duka suka amsa, har masu sayar da zoɓo. Na duba inda Malam Isiyaku yake, ina fatan ya fita. Yana nan. Ya cire tabarau yana share hawaye, jar fitilar rakodarsa tana ci.

Ana cikin haka ƙanwar mijin ta dawo, ta tsaya a gabana, ta ce, "Malam, ka kyauta ke nan? Na kira har ƙauye! Tsohuwarmu ta riga ta sa a kama zakara!"

Mama Ladi ta ce, "Ki ce a yanka, Saratu. Ai tandar ma ta cancanta."

Da aka tashi, na miƙa mata kayanta, na ga baƙin gindin tanda ya zauna daram a gaban shaddata. Na ba ta haƙuri da Hausa mafi sauƙi da na taɓa yi. Ta buɗe wata roba ta ciro masa uku ta sa mini a takarda, ta ce, "Ci, ɗana, kada ka damu. Shekara biyu ina wannan waƙa, ba a taɓa yi mata dariya kamar yau ba. Badi ma kai za ka gabatar da ni." Masar ta yi daɗi, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Ranar Litinin Malam Isiyaku ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Muryarka ta yi, Hausarka ta yi. Amma mai labarai ba ya ƙara abin da ba a ba shi ba, in kuma bai gane ba, tambaya yake yi. Kai harafi ɗaya ka canza, ka dawo da mutum daga Ibadan. In na ba ka labaran safe, ban san wa za ka dawo mana da shi ba."

Abin da na koya bai da yawa. Ƙa'idar da na faɗa daidai ce, har gobe miji namiji ne. Sai dai kafin mutum ya zaro jan biro, yana da kyau ya tambayi mai maganar ko da tanda a ciki.

Labaran ƙarfe bakwai abokin takarata aka ba. Ni aka ba ni shirin mawaƙan gari na ranar Asabar, shekara uku ke nan ina gabatarwa, kuma Mama Ladi ce baƙuwar farko. Zakaran an yanka shi a daren bikin. Yohanna har yau bai dawo ba.