Talakan da Kwamfutata ta Gano a Maruta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Birnin Kudu, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

A lokacin ina aiki a wani ofishin tsare-tsare, aka ɗora mini nazarin gyaran da ake son yi wa harajin kuɗin shiga. Hanyar ba wuya: a tattara bayanan samun magidanta, a zuba a kwamfuta, a ce mata, "Idan aka rage wa ƙananan masu samu, aka ƙara wa manya, me zai faru?" Ita kuma ta kwaikwayi lamarin, ta nuna wanda zai samu sauƙi, da wanda zai ji a jikinsa, da ko ratar da ke tsakanin mai shi da maras shi za ta ragu. Ma'aikatanmu suka zaga Surko da Farin Dutse da Maruta suna tambayar mutane. Ni kuma na goge sunaye duka, na sa lambobi, don kada asirin kowa ya tonu. (Na yi alfahari da wannan dabara, har na riƙa ba abokan aiki labarinta ba su tambaye ni ba.)

Aka shirya taron bayani ga 'yan kasuwa da masu motocin haya na Birnin Kudu da Gwaram. Ina shiga zauren na hango Alhaji a sahun gaba. Ba zan kama sunansa ba, mahaifin Hadiza ne, yarinyar da nake nema. An kai gaisuwa, amma ba a sa rana ba, kuma an ce mini har yanzu yana tambaya ko "yaron nan mai kwamfuta" yana da hankali. Na ce a raina yau zai samu amsa.

Na gyara murya irin ta masu karanta labarai, na fara. Na nuna zane-zane a bango, layi ya hau, layi ya sauka. Wasu suka fara lumshe ido. Da na ga gyangyaɗi ya fara yawa, sai na ce bari in kawo misali da gida guda.

"Ga wani bawan Allah," na ce, "ba mu san sunansa ba, kuma ba za mu taɓa sani ba. Mazaunin Maruta ne. Yana harkar mota tsakanin Gwaram da Kano. Akwai injin niƙa a ƙofar gidansa, yana kuma noman riɗi."

Na ga kawuna suna ɗagowa. Na ɗauka bayanina ne ya fara shiga.

"Abin da yake samu, bisa faɗarsa, da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Kwamfuta ta sa shi a rukunin ƙasa. Saboda haka a sabon tsari za a yafe masa haraji gaba ɗaya. Irin waɗannan talakawa muke so a tausaya wa."

Sai a lokacin na lura ba bango ake kallo ba. Duk zauren ya juya yana kallon sahun gaba.

A Maruta kaf, mutum ɗaya ne ya haɗa mota da injin niƙa da riɗi. Na sha wuce injin nan da daddaɗan turare a jikina, amma kaina a sunkuye, kamar yadda ya dace da mai neman aure. Abin da ban sani ba kuma shi ne, da ma'aikacinmu ya je da takarda ya ambaci haraji, Alhaji ya ba shi amsar da kowane mai hankali ke ba baƙo: "Sai godiya, ana dai lallaɓawa." Da aka matsa masa ya faɗi adadi, sai ya faɗi kuɗin cefane.

Alhaji Ado, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya miƙe a hankali yana gyara babbar riga.

"Ashe haka kake fama ba ka faɗa ba? Jama'a, bana zakkata ta samu gida."

"Zauna, Ado," in ji Alhaji.

"A'a, ai ba ni na faɗa ba. Inji ne. Inji ba ya ƙarya. Ko yana yi, Malam?"

Nan na tsaya da sandar nuni a hannu. In na ce injin ya yi daidai, na mai da uban Hadiza matsiyaci a gaban abokansa. In na ce an ba shi bayanin da ba daidai ba, na ƙaryata Alhaji. Sai na ji bakina yana cewa, cikin muryar nan tawa mai tsafta, "To, masu sauraro, za mu duba lamarin." (Masu sauraro. A zauren da kowa ke kallon gumina.)

Dariyar da aka yi, har direbobin da ke waje sai da suka leƙo.

Na yi kwanaki ban taka Maruta ba. Da kawuna ya gaji da ni, ya sa ni a gaba muka je ban haƙuri. Na durƙusa a zaure ina kallon tabarma. Alhaji ya bar mu muka gama, sannan ya ce wa kawu, "Ba komai, Malam. Yaro ya yi aikinsa, kuma na ga yana da tausayin talaka. A sa rana. Sai dai ka san kayan ɗaki uba ke yi wa 'yarsa. To ni gwamnati ta tabbatar ba ni da hali, a gaban shaidu. Gado da katifa da kujeru, sai ku ji da su."

Kawu ya dube ni, irin kallon da ke cewa za mu haɗu a mota.

Har yau ina wannan aiki, kuma na yarda da amfaninsa. Sai dai na koyi cewa kwamfuta tana gaskata duk abin da aka gaya mata, abin da ko jaririn Gwaram ba ya yi. Kuma a duk nazarin da na gudanar, wannan ne kaɗai ya sauya rabon dukiya nan take: ya kwashe daga aljihuna ya bar wa Alhaji.