Ƙayar Aduwa da Hancin Kwamanda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da yatsana ya kusa raba ni da tuwon gidana ba.

Asalina makiyayi ne, daga wajen Guci. Fari ya zo ya kwashe shanun, ya bar mini sanda. Da sandar na shigo Magarya, na samu gadi a wani gidan saukar baƙi, irin wanda ake ce wa kampama. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya Faransanci ba. Na iya tsayuwa a ƙofa da ɗaure fuska, kuma don shi aka ɗauke ni gardi, wato mai gadi. Uwata da matata da ƴaƴana duk daga ƙofar nan suke ci. Babu garken da zan koma wa.

A shekarun nan gazuwal, man da inji ke sha, ya yi tsada. Sojoji sun hau mulki, doka ta zo daga Yamai cewa kowane gidan baƙi ya rage shan wuta. Injin da ke ba mu lantarki aka yanka masa lokaci. Sai mai riƙon gidan, Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya ce mana za a kawo minitiri. (Na ɗauka minista ne zai zo. Har na wanke rigata.)

Ranar da aka kawo shi ina Guci wajen ta'aziyya. Na dawo na tarar da wani ɗan akwati mai maɓalli a bangon lungun da ke zuwa wurin wanka. Lungun ba shi da taga, ko da rana tsaka duhu ne kamar cikin rumbu. Ka danna maɓallin, wuta ta kama a lungu da wurin wanka. Ta ɗan jima, ta mutu da kanta. Mushe Abdu ya yi mini bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Na ce to. Ban gane ba, kuma ban tambaya ba, don girman kai bai mutu tare da shanu ba.

Ni dai a sanina, abin da ke mutuwa ba wanda ya taɓa shi, ciwo gare shi. Na ga haka a garke.

Baƙi suka sa ni gaba. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa daga Bande ya shiga wanka, sabulu a ido, wuta ta ɗauke.

"Gardi! Kai gardi! Wane ɗan banza ne ya kashe mini wuta?"

Na ruga na danna. Kafin in koma ƙofa ta sake mutuwa. Haka na zama bawan maɓalli.

Wata rana na gaji. Na ciro ƙayar aduwa a tsakar gida, na danna maɓallin, na soke ƙayar a gefensa ta riƙe shi. Wuta ta tsaya cak. In dai inji na aiki, lungu fes. Baƙi suka daina ihu. Mushe Abdu yana da nasa makewayin, bai taɓa leƙowa ba. Na riƙa tafiya kamar wanda ya haƙa rijiya.

Ana nan, wata ranar zafi bayan azahar, Mushe Abdu ya tafi gaida Kwamanda, sojan da ke mulkin garin. Wani siririn mutum ya sauko daga mota, duk ƙura, da jakar ƙarafa a hannu. Na ce a raina direba ne ko bakanike.

"Baba, ina zan watsa ruwa?" in ji shi.

Na kai shi lungu. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni da ba na magana, ranar bakina ya buɗe.

"Ɗan'uwa, kai da ka san ƙarfe, zo ka ga aiki," na ce, na nuna masa ƙayar.

Ya duƙa ya duba. "Wa ya sa wannan?"

"Ni. Wani jaki ne daga Yamai ya kawo mana akwati mai farfaɗiya. Na yi masa magani."

"Ka san jakin?"

"Ban san shi ba. Amma wanda ya biya masa lakwal ya yi asara. Da akuya ya saya."

"In ka gan shi fa?"

"Zan faɗa masa a idonsa."

Sai ga takun takalma. Mushe Abdu ne, da Kwamanda cikin kakinsa, da wasu mutum biyu. Sun zo duba yadda gidan ke bin dokar wuta. Mushe Abdu ya ga siririn nan, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ashe ka iso! Kwamanda, ga injiniyan da ya kafa mana minitiri."

Na ja da baya.

Mutumin ya zare ƙayar a hankali, ya ɗaga ta kowa ya gani. Ya ce akwatin lafiyarsa lau, an yi shi ne don ya kashe wuta da kansa, kada inji ya sha gazuwal a banza. Sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ga idona. Faɗa."

Mushe Abdu ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda zai kwashe tabarmarsa yau. Ana cikin haka wuta ta mutu.

Jiki ya saba. Na miƙa hannu cikin duhu ina laluben maɓalli, na ji wani abu mai ɗan tudu, na danna da ƙarfi, na riƙe. (Na yi mamakin ɗuminsa.) Wani ya danna maɓallin na ainihi, wuta ta kama. Yatsana na kan hancin Kwamanda.

Ban cire ba, na manta yadda ake cirewa. Kwamanda ya kama hannuna ya sauke da kansa, ya shafa hancin.

"Gardi," in ji shi, "to ya kama?"

Injiniya ne ya fara fashewa, sai sauran. Kwamanda ya yi dariya har ya dafa bango. Mushe Abdu ya ce zai sallame ni yau ɗin nan.

"Bar shi," in ji Kwamanda. "Duk garin nan shi kaɗai ya taɓa hancina. Amma in na sake jin ƙaya a bangon nan, a kurkuku zai danna."

Aikina ya tsira. Sunana ne bai tsira ba. Har na bar kampama, daga tasha zuwa kasuwa, Minitiri ake kirana, yara na ganina suna rufe hanci.

Abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka zagi jaki, tambayi sunan wanda ke tsaye gabanka. In kuma wuta ta ɗauke cikin manya, sa hannunka a aljihu.