Rasuwar Ruzha, Lasifikar Sekuru Marufu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da ba ya iya kai wannan baƙin cikin ko bakin ƙofa, Sekuru Takaendesa Marufu na gundumar Zaka, tsohon ɗan jagoran 'yan yawon buɗe ido, yana sanar da 'yan uwa da surukai da abokan aiki, da duk wanda aka taɓa kashe wa kunne tsakanin Mosi-oa-Tunya da Masvingo, rasuwar abokiyar tafiyarsa, lasifikarsa ta hannu, wadda aka fi sani da Ruzha, wato Hayaniya. Ta rasu ranar Talatar da ta gabata, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa.

Sanarwar ta fito ta bakin sahwira, abokiyar wasan gidan, wadda al'ada ta ɗora wa faɗin gaskiya a gidan makoki. Wanda maganar ta yi wa zafi ya nemi ruwa ya sha.

Ba a san garin da aka haifi marigayiya ba. Akwai wani rubutu a gindinta, amma har ta rasu ba a sami wanda ya karanta shi ba. Ta shigo hannun Sekuru a shekarar da muryarsa ta mutu. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gasar ihu da ruwan Mosi-oa-Tunya mai faɗowa daga kan tsauni, shi a dole sai baƙi sun ji bayaninsa. Ruwan nan kuwa tun kafin a haifi kakan kakansa yake zubowa, bai taɓa yin shiru don wani ya yi magana ba. Wata safiya Sekuru ya buɗe baki, sai ga wani abu ya fito kamar ana murza busasshen ganyen masara. Likita ya duba ya ce abin da ya saura ke nan, a lallaɓa. Maigidansa na lokacin, marigayi Baba Gwenzi mai motocin yawo, shi ya sayo lasifikar ya rataya masa a wuya, ya ce, “Ga maƙogwaro na ba ka aro. Kada ka kashe wannan ma.”

Da Baba Gwenzi ya rasu, 'yarsa Shorai ta gaji motocin. Yarinya ce mai tabarau da takalmi mai tsini, wadda ba ta taɓa hawa dutsen Masvingo da ƙafarta ba. Ita ta sayo 'yan na'urorin nan masu kama da ƙwayar wake da ake cusa wa baƙi a kunne, wani ƙato da bai san hanyar garinmu ba yana karanta musu tarihin kakanninmu ta hanci. Tun makon farko ta kira Sekuru ofis.

Ta ce, “Sekuru, alkawarin da na yi wa Baba ina riƙe da shi. Muddin wannan abar tana magana, kana cikin motata. Ranar da ta yi shiru, sai ka tafi gida ka huta. Sabuwa kam ba za ta shigo mini mota ba, ko kyauta aka ba ka.”

Sekuru ya ɗaga Ruzha, ga shi ga ta, tebur ne kawai tsakaninsu. “Kiiiiii! Na ji, 'yata!”

An ce sai da Shorai ta sha maganin ciwon kai.

Tun daga ranar kowa ya san aikin tsohon nan a cikin cikin wannan gwangwani yake. A tuna da wannan, domin in an zo wajen abin da ya aikata a san da saninsa ya yi.

Marigayiya ta kasance mai halaye na gari, in ana kiran irin waɗannan na gari. Ba ta taɓa yin raɗa ba. Ba ta taɓa riƙe sirri ba. Ba ta fara magana sai ta yi sallama da “Kiiiiii!”, ba ta rufewa sai da “Ƙrrr-ƙrrr.” A bakin Mosi-oa-Tunya, inda miji ke yi wa matarsa ihu a kunne ba ta ji, ita ana jin ta har wajen masu sayar da sassaƙe. A Bulawayo, inda tituna ke da faɗin da keken shanu zai juya bai taɓa kowa ba, ta cika titi daga wannan bango zuwa wancan, karnuka na amsa mata. Wata Lahadi sai da wani fada ya fito daga coci da rigarsa ya roƙi arziki. A kufan Khami ta tashi tsuntsaye daga bishiya har yau ba a tabbatar sun dawo ba.

Haƙurinta da baƙi kuwa abin a faɗa ne. Ku da kuka san su ba sai an gaya muku ba: jajayen gwiwoyi, gajeren wando, malafa kamar faifai, gorar ruwa a kowane ƙugu sai ka ce hamada za su ƙetare. Su biyo jirgi daga uwa duniya don su ga ruwa, in sun iso su juya wa ruwan baya su ɗauki hoton haƙoransu. A kai su gaban ganuwar dutse ta Masvingo, wadda aka jera ba laka ba siminti, su ɗaga kai su sauke, sannan ɗaya ya tambaya, “To amma wa ya zo ya gina muku?” Marigayiya ta amsa wannan tambaya sau ba adadi, kullum da amsa ɗaya: “Kiiiiii! Kakana! Ƙrrr-ƙrrr!” Ko sau ɗaya ba ta ƙara da zagin da ya dace ba.

Ba ta raina aiki. Ta yi sandar nuni. Ta yi hular ruwa. Ta yi kiran baƙon da ya ɓace a bayan dutse. Ta kuma yi kwanon gyaɗa, domin Sekuru ya mayar da bakinta mazubin soyayyar gyaɗarsa, kuma duk wanda ya yi masa magana sai ya ce ai faɗin bakin don haka aka yi shi.

Jinyarta ta daɗe. Feshin ruwan Mosi-oa-Tunya ya shige ta tun tana da ƙuruciya ya bar mata tari. Tsatsa ta ci wuyanta. An ɗaure ta da salatif, an ɗaure salatif ɗin da waya, an ɗaure wayar da tsumma. Sekuru yakan shanya batiranta a rana kamar kuɓewa, in sun ƙi ya cije su. Matarsa, Mai Rumbidzai, ta ce ita da ta yi zazzaɓin da ya kusa kai ta, ba ta ga rabin wannan kulawa ba. Duk da haka ba ciwo ne ya kashe Ruzha ba. Dangi ne.

Kowa ya san biri ne kan gidan su Marufu. Ba sa cin sa, ba sa jifan sa, da sunansa ake yi musu kirari, shi ya sa in an so girmama Sekuru ake ce masa Mukanya, sunan kirarin birin. Gidaje da yawa suna da wannan kan gida, kuma masu hankalinsu sun san inda zumunci ya tsaya. Sekuru bai sani ba. Shi in ya ga gwaggon biri a bakin hanya sai ya cire hula. Mai Rumbidzai ta gaji da aiko masa da saƙo daga ƙauye cewa, “Mukanya, 'yan uwanka sun sake zuwa gaisuwa, sun tafi da rabin gona.”

Ranar Talatar, da hantsi, ya hau dutsen Masvingo da baƙi cike da mota, direbansa Mehluli Sibanda na biye da su da jakar ruwa. A wata 'yar siririyar hanya tsakanin duwatsu biyu, wani baƙo mai tumbi ya maƙale. Sekuru ya ajiye Ruzha a kan dutse, bakinta a sama cike da gyaɗa, ya je turawa. Kafin tumbin ya wuce, wani ƙaton gwaggon biri mai yagaggen kunne ya sauko, ya rungumi lasifikar kamar uwa da jariri, ya koma kan wani ɗan dutse ya zauna yana ci.

A lura da kyau: dutsen bai kai tsayin mutum ba, kuma ciyawa ce a ƙarƙashinsa. Sibanda ya zaro danƙon da kullum ke aljihunsa saboda irin wannan rana, ya ɗora tsakuwa.

“Matsa, Sekuru. Guda ɗaya zan ba shi a gindi, ya sake ta a kan ciyawa.”

Tsohon ya damƙe masa hannu. Da 'yar muryar nan tasa ta busasshen ganye ya ce, “Sibanda, in ka harbe shi ni ka harba.”

“Haba tsoho! Aikinka ne fa a hannunsa!”

“Na sani.”

“Ka sani? Shorai jira take yi! Wannan ɓarawon ne zai ciyar da kai?”

“Kakana kake kira ɓarawo? Ajiye danƙon nan.”

Sibanda ya ajiye, yana zagi da harshensu na Bulawayo don kada a ce ya zagi babba a fili. Sekuru kuwa ya cire hula, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba su da sauran mai, ya haɗa tafukansa yana tafin gaisuwar manya, bub, bub, bub. Yana cewa, “Mukanya, mai tafiyar ƙasaita. Mai hawan dutse ba tsani. Gyaɗar taka ce, ranka ya daɗe, na bar maka. Kwanon kawai nake roƙo.”

Baƙi suka zagaye shi da wayoyi. Sun ɗauka yana cikin abin da suka biya. Wata ma ta ce a sake daga farko, ba ta kama ba.

Shi kuwa kakan, da ya ga taro ya yi yawa, sai ya saɓa lasifikar ya ƙara hawa. Sekuru ya ƙara tafi, birin ya ƙara hawa. Ya ƙara kirari, birin ya ƙara hawa, har ya kai ƙololuwar dutsen da ko akuya ba ta zuwa. Can ya zauna ya cinye gyaɗar tas, ya cusa kai ciki neman saura, yatsansa ya sauka a kan madanni.

“KIIIIIIIIII!”

Waɗanda suka san marigayiya sun shaida ba ta taɓa yin irin wannan ba, ko a ƙuruciyarta. Birin ya yi tsalle, ya yi wurgi da ita, ya bar abin da ya bari a kan dutsen, ya ɓace. Ita kuwa ta taho. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwaram.

Sekuru ya sauka da kansa ya ɗauko ta. Bakinta ya lotse, wuyanta ya karkace. Ya share mata ƙasa da hularsa, ya rataya ta, ya yi wa baƙi alama su biyo shi, domin da sauran babbar ganuwa ba a gani ba. A gindin ganuwar ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ɗaga ta, ya danna, ya fara bayani. Baki na motsi, jijiyar wuya ta tashi, ba abin da ke fita. Bai daina ba. Baƙin suka dubi juna, sannan ɗaya bayan ɗaya suka laluba aljihu, suka ciro ƙwayar waken Shorai suka cusa a kunne. Haka ya kai bayaninsa har ƙarshe, Sibanda kaɗai ke tsaye kusa da shi, ya sunkuyar da kai.

An garzaya da ita wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwar Masvingo. Ya buɗe cikinta ya tarar da ɓawon gyaɗa, tsatsa, da kyankyaso guda da ya riga ta tafiya. Ya taɓa wata waya, ta ce “ƙit.” Maganarta ta ƙarshe ke nan. Mai gyara ya mayar da murfin ya ce a yi haƙuri.

A hanyar komawa Sibanda ya ce, “Sekuru, tsakaninka da Allah, da za a sake, za ka bar ni in harba?” Tsohon ya girgiza kai. Sibanda ya ce to shi ke nan, Allah ya ƙara zumunci.

Shorai ta zo ta'aziyya washegari, ba ta ko zauna ba. Ta ce, “Sannu, Sekuru, Allah ya ba da haƙuri. Rigar aikin sai ka bar mini ita wajen Sibanda.”

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Sekuru Marufu, ba murya ba aiki. Ta bar batira masu shaidar haƙori, da igiyar rataya, da rigar ruwa da suka yi zaman tare, ita ma tana jin jiki. Ta bar Mai Rumbidzai, wadda aka ga tana share ido, ko da yake a lokacin albasa take yankawa. Ta bar dangi masu yawa a kan duwatsun Masvingo, waɗanda har yanzu ko ɗaya bai aiko da gaisuwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidan Marufu da ke Zaka, bayan garken shanu. Matan gida za su tuƙa sadza, wato tuwon masara, da kabeji; nama babu, kada a tambaya. Mai zuwa ya zo da kujerarsa. Bayan binnewa za a raba kayan mamaciya kamar yadda aka saba: batira ga rediyon Mai Rumbidzai, igiya ga akuya. Sekuru ya nemi a aika wa na kan dutse goron gayyata, matarsa ta ce duk wanda ya kai saƙon kada ya dawo mata gida.

Shorai ta aiko cewa aiki ba zai bar ta ta zo ba. Sibanda zai zo da gawar a bayan mota, daga nan ya wuce Mosi-oa-Tunya ɗauko wasu baƙin, shi kaɗai a gaba. Birin yana nan kan dutsensa, an gan shi jiya, lafiyarsa ƙalau.

Sekuru ya dawo gida ke nan, ba zai koma ba. Shi zai yi jawabi a bakin kabari, kuma ya ce a cikinsa zai ba da tarihin ganuwar tun daga tushe. Mai son ji ya matso kusa.